Idan Tankin Mai Ya Kasa Shan Iska: Yadda Ake Gano Cutar Kafin a Sauya Famfo

Mota ta tashi daga Sakkwato garau, ta wuce Boɗinga tana cin kwalta, ana dosar Shagari sai ta fara ja da baya. Ka taka totur ta ƙi amsawa, ta yi tari biyu uku, ta mutu a gefen titi. A buɗe bonet a dudduba, ba a ga komai ba. Bayan minti 10 ko 20 a murɗa makulli ta tashi kamar ba ita ba, a ɗan taɓa tafiya ta sake. Direbobin hanyar Tambuwal da Jega, da masu ratsewa cikin ƙauyukan Mandera, sun san irin wannan, kuma hukuncin da aka saba yankewa a gareji guda ne: famfon mai ya gaji. Sai a sayi famfo, a sauya filta, a wanke injekta, wani har da kwayil da fulogi. Kwana kaɗan cutar ta dawo, domin tun farko ba wanda ya bincika ko tanki yana samun iska.

Duk litar man da famfo ya janye daga tanki, dole litar iska ta shiga ta maye gurbinta. Mai shayi ya san wannan sarai. Huda biyu yake yi wa gwangwanin madara, ɗaya madara ta fito, ɗaya iska ta shiga, in ya ɗora yatsa a kan ta biyun sai madara ta tsaya cak. A tanki, idan ƙofar iska ta toshe, famfo zai ci gaba da ja, cikin tankin yana ƙara zuƙewa, har lokacin da ƙarfin famfon ya gaza. Daga nan injin ya rasa mai. Tsayuwar da aka yi a gefen titi ita ke ba iska damar silalowa ciki kaɗan kaɗan, shi ya sa motar ke tashi daga baya.

Kada a raina ƙarfin wannan zuƙa. Iskar da ke kewaye da mu tana danna kowane santimita murabba'i da nauyin kusan kilo 1. Gindin tanki mai faɗin santimita 50 da tsawon 60 yana da santimita murabba'i 3,000. Idan matsin cikin tanki ya ragu da kashi 1 cikin 10 kawai, iskar waje tana tura gindin nan sama da nauyin kilo 300. To injin da ke kan silo yana iya zuƙe fiye da rabin matsin iska a cikin manifol ɗinsa. Idan wannan jan ya samu hanya zuwa tanki rufaffe, na roba ne ko na ƙarfe, lotsewa zai yi.

Ta ina iskar ke shiga?

Amsar ta danganta da shekarun motar da ƙasar da aka ƙera ta domin ta. Tsofaffin motocin kafireta, irin Peugeot 504 da kamfanin PAN ya daɗe yana harhaɗawa a Kaduna a shekarun baya, hanyarsu mai sauƙi ce: ko dai 'yar huda a murfin tanki, ko wani siririn tiyo da ke fitowa daga saman tanki ko wuyansa ya buɗe ga iskar waje. Famfonsu na jikin injin ba shi da ƙarfin ja sosai, don haka ƙaramar toshewa ma ta isa ta kashe motar, amma da wuya ta lotsa tanki.

Daga motocin shekarar 1971, dokar Amurka ta hana sakin tururin fetur cikin iska, sai aka rufe tanki aka ƙara masa kanista, wato wani akwati na baƙar roba cike da gawayin da aka sarrafa. Turai ta bi sahu daga baya. Tururi yana fita daga saman tanki ta wani bawul da ke rufewa idan mota ta kife, ya bi tiyo zuwa kanista, gawayi ya riƙe shi. Kanistar tana da wasu ƙofofi biyu. Ɗaya tana zuwa manifol ta hanyar wani bawul na lantarki da ke kusa da injin, wanda masu sayar da kayan gyara ke ce wa faj bawul. Zan riƙa kiransa bawul ɗin gaba. A rufe yake koyaushe, sai ƙwaƙwalwar mota ta ga injin ya yi zafi ta riƙa buɗe shi kaɗan kaɗan domin a ƙone tururin. Ɗaya ƙofar ita ce ta iskar waje. A yawancin motocin da aka yi domin Turai, irin Golf 3 da Sharan, wannan ƙofa a buɗe take kawai. A motocin Amurka na bayan 1996 akwai wani bawul a kanta, bawul ɗin baya, wanda a yawancinsu a buɗe yake, ba ya rufewa sai lokacin da motar ke gwada kanta ko tana yoyon tururi. Murfin tankin irin waɗannan motoci ba shi da huda, amma a cikinsa akwai ɗan bawul mai sifirin da ke buɗewa idan zuƙa ta yi yawa. Shi ne mai ceto na ƙarshe.

Saboda haka zuƙa iri biyu ce, kuma rarrabe su shi ne rabin aikin. Akwai wadda famfo ke haifarwa saboda iska ba ta shiga, tana taruwa a hankali gwargwadon man da aka ƙone. Akwai kuma wadda injin ke haifarwa saboda bawul ɗin gaba ya maƙale a buɗe, tana zuwa da sauri kuma da ƙarfi. Tankin da ya lotse sosai, sau da yawa cututtukan biyu ne suka haɗu a kansa.

Tambaya kafin sifana

Bakanike mai hankali yana fara aikin nan da baki.

"Alhaji, yaushe ta fi yi maka haka, in tanki ya cika ko in ya yi ƙasa?"

"Wallahi Oga, ranar da na cika shi zan yi tafiya. A cikin gari ba ta taɓa yi."

Wannan amsa ta kusa warware zancen, ga dalili. A ce tanki mai cin lita 60 an zuba masa 55, saura gurbin iska lita 5. Da an ƙone lita 1, iskar lita 5 ce za ta bazu a gurbin lita 6, matsinta ya faɗi da kashi 1 cikin 6. Idan kuwa lita 20 ce a ciki, iskar lita 40 ce za ta bazu a gurbin 41, raguwar ba ta kai a ji ba. Tururin fetur yana ɗan cike giɓin, musamman da zafi, amma lissafin yana nan: toshewar iska ta fi nuna kanta a cikakken tanki. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, mutane da yawa lita 5 ko 10 suke sha, don haka cutar tana iya ɓoyewa watanni, sai ranar da aka cika tanki za a je ɗaurin aure Birnin Kebbi ta bayyana. Nan take sai a ɗora laifin a kan gidan mai, a ce gurɓataccen mai aka sayar. Famfon da ya gaji kuwa akasin haka yake: ya fi kasawa idan mai ya yi ƙasa kuma rana ta yi zafi, domin man tanki ne ke sanyaya shi.

Ka ƙara tambayoyi uku. Shin a gidan mai bakin famfo yana yawan katsewa tun tanki bai cika ba, ko man ya riƙa dawowa yana fantsama? Wannan alamar iskar ciki ba ta samun hanyar fita. Motocin Amurka daga wajen 1998 zuwa sama an yi su ne yadda tururin da mai ke korowa lokacin zubawa zai bi ta kanista, don haka kanistar da ta toshe tana hana su shan mai. Shin motar tana wahalar tashi da zarar an gama shan mai, sai an daɗe ana ba ta makulli ana taka totur? Wannan kusan koyaushe bawul ɗin gaba ne ya maƙale a buɗe, tururi ya cika manifol. Ta ƙarshe, shin gejin mai ya fara ƙarya, ko tankin da ke cin lita 60 yanzu 45 ke cika shi? In haka ne ya riga ya lotse.

Gwajin murfi

Wannan gwaji ba ya cin ko kwabo, kuma a ganina bai kamata a kwance famfon kowace mota mai irin wannan cuta ba sai an yi shi. Lokacinsa shi ne daidai sa'ad da motar ta mutu ko ta fara shaƙewa. Ka kashe makulli, ka tabbatar ba mai sigari ko wuta a kusa, ka yagi siririyar leda ka riƙe ta a bakin murfin, sannan ka kwance shi sannu a hankali.

Kusan kowa yana jin wannan ƙara ta "fuuu", amma kunne ba ya bambanta iska mai shiga da mai fita, kuma a nan ake ɓata. Dubi ledar. Idan ta kaɗa waje, ka ji ɗumi a bayan hannunka, warin fetur ya bugi hancinka, huci ne, matsi ya taru a ciki. Idan ledar ta manne a bakin tankin, babu wari, murfin ma ya yi tauri kamar ana riƙe shi daga ciki, zuƙa ce. Wani lokaci za ka ji "gum" daga ƙarƙashin mota, tankin ne ya koma siffarsa. Kada wanda ya kuskura ya gwada wannan da ashana ko laita.

Ɗan gajeren huci da rana a watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, ba lallai cuta ba ne. Sassan fetur mafiya sauƙi suna fara tafasa tun kafin a kai digiri 40, kuma wasu motocin an yi su su riƙe ɗan matsi. Hucin da ya daɗe yana fita, ko wanda ya zo da feshin mai, shi ne na damuwa, kuma tushensa ɗaya da na zuƙa: hanyar kanista ta toshe. Tanki guda yana iya yin huci da azahar, ya yi zuƙa da asubar hunturu bayan tururin ya huce ya koma ruwa.

Idan motar ta tashi nan take bayan buɗe murfi, ka tabbatar da zargin. Da man da bai wuce rabin tanki ba, ka bar murfin a ɗan kwance, ka bi hanyar da ta saba mutuwa, a kan kwalta, ban da hanyar ƙura. In ta wuce lafiya, famfo ya kuɓuta. Wutar cek injin tana iya kamawa saboda murfin, ba komai. Amma wannan gwaji ne, ba gyara ba.

Sai ka dubi murfin kansa. Na motar ne, ko wani aka sayo a kasuwa saboda zarensa ya hau? Murfi marar huda a kan tsohuwar motar da ta dogara da huda, shi kaɗai ya isa. Haka ledar da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin murfi don hana yoyo, tana rufe hudar da bawul ɗin ceto gaba ɗaya. Na sha ganin wannan ledar a motocin haya da babura, kuma masu yi da kyakkyawar niyya suke yi, tsoron asarar mai.

Wa ke zuƙar, famfo ko injin?

Da safe, injin a sanyaye, ka cire murfi ka ɗaure safar hannu ta roba irin ta asibiti a bakin tanki da kyauro, yadda iska ba za ta zurare ba. Tada motar ka bar ta kan silo. A lafiyayyar mota safar ba za ta yi wani motsi ba. Idan cikin minti 1 ko 2 ta shige cikin wuyan tanki, injin ne ke ja, domin man da silo ke ƙonewa a ɗan wannan lokaci bai kai ya yi haka ba. Wannan yana nuna abu biyu lokaci guda: bawul ɗin gaba yana zurarwa, hanyar iskar waje kuma ba ta wadatar.

Nemo bawul ɗin gaba. Ƙarami ne, da tiyo biyu da soket mai waya biyu, yawanci a kan manifol ko kusa da shi. A motocin Volkswagen da Audi sunansa N80. Cire soket ɗin, cire tiyon da ya fito daga wajen tanki, tada injin, ka ɗora yatsa a bakin bawul ɗin. Bai kamata ka ji komai ba. In ya tsotsi yatsanka ko kaɗan, ya lalace. Kwance shi ka gwada a hannu: tura iska da babban sirinji, kada ta wuce, ba shi wutar batir, ka ji "ƙas", iska ta wuce, cire wutar, ya rufe. Maimaita sau da yawa, domin wani yana rufewa sau 5 ya maƙale a na 6. Sannan ka buga bakinsa a kan farar takarda. Idan baƙaƙen ƙwayoyi kamar gero suka zubo, gawayin kanista ne ya farfashe ya biyo tiyo. Sabon bawul ma haka zai maƙale muddin ba a sauya kanista an busa tiyon ba.

Wannan bawul ɗan mitsitsi ya taɓa jawo wa Ford babban aiki. A watan Oktoba 2018 kamfanin ya kira motocin Focus na 2012 zuwa 2018 masu injin lita 2.0, kusan miliyan 1.3 a Amurka kaɗai, har da samfurin gudu na ST mai tabo. Bawul ɗin yana maƙalewa a buɗe, ƙwaƙwalwar motar ba ta lura, tankin roba ya lanƙwashe, geji ya yi ƙarya, mota ta mutu ana cikin tafiya. Kamfanin ya shawarci masu su da kada su bar mai ya gaza rabin tanki kafin a gyara. Motocin nan ba su da murfin murɗawa, don haka gwajin murfi a kansu sai an zura ɗan mazurarin da ke zuwa da motar. Wasu daga cikinsu sun shigo ƙasar nan a matsayin kwatano, kuma ba kowace aka kai wa gyaran ba kafin a loda ta jirgi.

Ƙarƙashin mota: ƙura, laka da zanzaro

Idan bawul ɗin gaba lafiya lau, sai a hau rami ko a ɗaga bayan motar a kan abin tokare mai ƙarfi, ba jak kaɗai ba. A cire kan batir. Fitilar hannu ta batir kawai za a shiga da ita. A yawancin motocin Amurka kanista tana baya kusa da tanki, a tsofaffin na Turai da Japan kuwa tana cikin bonet ko bayan fenda.

Bi tiyon iskar waje daga kanista har ƙarshensa. Yakan ƙare a saman wuyan tanki, ko cikin ramin firam, ko a wani ɗan akwatin tace ƙura. A nan ƙasarmu ke nuna halinta. Duk lokacin da injin ya zuƙi tururi, iskar waje ce ke ratsa kanista, kuma a hanyoyin burji na ƙauyukan Mandera, musamman da hunturu, iskar nan rabinta ƙura ce. Da damina ruwan kududdufi ya jiƙa ta, ta daskare. Ka cire akwatin ka buga shi a ƙasa, za ka ga jar ƙasa tana zubowa a dunƙule.

Ga kuma zanzaro. Motar da aka ajiye mako biyu ko uku a zaure ko ƙarƙashin rumfa, bakin tiyo mai faɗin ɗan yatsa wuri ne da yake so. In ka haska fitila za ka ga bakin a shafe da busasshiyar laka sumul, launinta ɗaya da ƙurar da ke jikin tiyon, shi ya sa ido ke wucewa. Ka tsokana da waya, lakar ta fashe, a bayanta ga matattun tsutsotsi ko gizo-gizon da ya tara wa 'ya'yansa. Wannan ba abin ƙauye kaɗai ba ne. A 2011 kamfanin Mazda ya kira motocin Mazda6 kusan 65,000 a Arewacin Amurka saboda wani gizo-gizo da ke saƙa a cikin tiyon iska, zuƙa ta taru har tanki ya iya tsagewa, kuma a 2014 ya sake kiran wasu 42,000 kan matsalar. Bayan ka share, ka ɗaure ɗan ƙyallen ragar sauro ta waya a bakin tiyon, ka bar shi yana kallon ƙasa.

Bawul ɗin baya, in akwai, gwajinsa akasin na gaba ne: ba wuta iska ta wuce, an ba shi wuta ya rufe. Wasu motocin, kamar BMW da Toyota na Amurka daga tsakiyar shekarun 2000, ɗan famfon gwaji ne a wurin maimakon bawul zalla. A irin Toyotar nan, idan ka ji gunji daga ƙarƙashin mota kimanin awa 5 bayan ka kashe ta, gwajin kanta take yi.

Ita kanista ka kwance ta ka ɗaga a hannu. Lafiyayya ba ta da nauyi sosai, kuma iska tana ratsa ta daga ƙofar tanki zuwa ta waje ba tare da wahala ba. Wadda ta yi nauyi, ko take ɗigar da fetur, ta sha mai. Musabbabin sananne ne: girgiza mota a gidan mai bayan bakin famfo ya katse, ana cewa "ƙara min kaɗan, cika shi fal." Gurbin da ke saman tanki da gangan aka bar shi. Fetur yana kumbura da kusan kashi 1 cikin 100 a duk ƙarin zafi na digiri 10, kuma daga tankin ƙarƙashin ƙasa mai sanyi yake fitowa. Lita 60 da ta ɗumama da digiri 15 ta ƙaru da kusan lita 1. In ba gurbi, cikin kanista za ta tafi, ta jiƙa gawayi, ya toshe ko ya farfashe, ƙwayoyinsa su je su maƙale bawul ɗin gaba.

Kafin ka fito, bi kowane tiyo da hannu. Nemi wanda ya lanƙwashe bayan an sauke tanki an mayar, wanda tanki ya danne, da wanda wani ya yanke ya cusa masa noti saboda yana warin mai. Wannan na ƙarshe ya yi yawa a motocin da suka ratsa hannuwa.

Mai son ya auna da idonsa, tiyon lebur na magina ya wadatar. Lanƙwasa shi ya yi siffar U mai tsayin kamar mita 1, zuba ruwa zuwa rabi, haɗa baki ɗaya da tiyon tururi ta hanyar mahaɗa mai baki uku. Bambancin santimita 10 tsakanin ruwan ɓangarorin biyu daidai yake da kashi 1 cikin 100 na matsin iska. A lafiyayyar mota ruwan zai ɗan motsa ya tsaya. In ya ci gaba da hawa ɓangaren tanki ba tsayawa, ka kashe injin kafin ya shige.

Kwamfutar duba mota tana taimakawa, muddin an san lambar alama ce, ba hukunci ba. P0441 da P0496 suna nuni ga bawul ɗin gaba. P0446 da P0449 suna nuni ga hanyar iskar waje da bawul ɗinta. P1450 a motocin Ford ma'anarta zuƙa ta ƙi sauka a tanki. P0442, P0455 da P0456 kuwa yoyo suke nufi, akasin matsalarmu. P0171 tana cewa mai ya yi wa injin kaɗan, kuma ita ce ta fi sa a sayi famfo a banza.

Motocin gudu

Motar tsere ta ainihi ba kasafai ake ganinta a Mandera ba, amma BMW 3 da Mercedes C-Class da samari ke shigowa da su daga birni suna da ginin da ya kamata a sani, irin na Nissan 350Z. Da yake ƙafafun baya ke ja, furofela tana ratsa ƙarƙashin tanki, sai aka yi tankin da aljihu biyu, hagu da dama. Famfo yana ɗaya, wani ɗan bututu marar lantarki kuma yana amfani da gudun man famfon ya janyo na ɗaya aljihun. In wannan ya toshe ko tiyonsa ya cire, motar za ta mutu geji yana nuna kwata, alhali man yana can ɗaya gefen. Alamar tana kama da zuƙa, amma buɗe murfi ba ya tada ita, ƙarin mai ne ke tada ita. Haka kuma waɗannan motoci gajeru ne, salansa tana kusa da tanki, don haka in farantin da ke kare zafi ya faɗi, huci zai yi yawa ko da kanista lafiya take. Hanyar burji kuma tana iya lotsa gindin tankinsu daga waje. Wannan lotsawa tana da ƙarzuwa a jikinta, ta zuƙa kuwa sumul take.

Ba motoci kaɗai ke kamuwa da toshewar iska ba: babur, janareta da injin ban ruwa na fadama su ne ma suka fi saurin kamuwa, domin man gangarowa yake yi da nauyinsa, ba famfo. Boxer da ke mutuwa bayan 'yar tafiya, ko injin ban ruwa da ke aiki minti 15 ya tsaya, ka buɗe murfi ka saurara kafin ka taɓa kafireta. Hudar tana ƙarƙashin murfin, allura da ɗan kananzir sun isa.

Wajen gyara

Huda murfi da ƙusa yana tada mota, shi ya sa ya zama ruwan dare, amma ban yarda da shi a matsayin gyara ba. Ƙura da ruwan sama za su riƙa shiga kai tsaye su kashe famfon da aka kuɓutar, fetur zai riƙa tashi a iska dare da rana, in kuma mota ta kife man ta nan zai kwarara. Idan bawul ɗin gaba ne ya maƙale, hudar ma ƙara wa injin iskar da ba a auna ba take yi, silo ya lalace. In kana kan hanya ne ba yadda za ka yi, cire tiyon bawul ɗin gaba daga manifol ka toshe bakin manifol ɗin, ka bar murfi a ɗan kwance, ka lallaɓa zuwa gari.

Kanistar da ta sha ƙura kawai, share hanyarta ya isa. Wadda gawayinta ya farfashe sai sauyi. Ana samun ta kwatano a Sakkwato, in ta yi wuya a aika Ƙofar Ruwa a Kano, a tafi da tsohuwar don a gwada ƙofofi, a kuma girgiza wadda za a saya a ga ko tana zubar da gawayi. Tankin roba da ya ɗan lotse yakan koma daidai bayan an buɗe masa iska ya sha zafin rana. Na ƙarfe ba ya komawa. Kada a hura ko wanne da kwamfuresar mai faci, domin an yi tsarin ne don matsi ɗan kaɗan, kuma kada a kusanci tankin fetur da wutar walda ko da an wanke shi, tururin da ya rage a ciki ya isa ya fashe. Bayan lotsewa a ciro famfo a duba gidansa, domin gindin tanki yakan tura shi sama ya tsage, ko ya lanƙwasa sandar fulot.

In an gama, a mayar da murfin asali a ɗaure shi har ya yi ƙara, a goge lambobin kwamfuta, a sha mai har bakin famfo ya katse karo na farko a tsaya nan. Sai a hau kwalta a yi tafiyar da ta fi wadda motar ta saba mutuwa a kanta, misali daga Boɗinga zuwa Tambuwal, a tsaya a maimaita gwajin leda a bakin murfi.